An soke ta amma tana ci gaba da aiki: Giɓin tsaron intanet da ma'aikatu ba sa dubawa

A ƙarshen watan Agustan 2011, wani mai amfani da Gmail a ƙasar Iran ya buɗe kwamfutarsa zai duba saƙonni, sai manhajar Chrome ta tare shi da gargaɗi. Ta nuna masa cewa takardar shaidar da shafin ya gabatar ba ta cikin waɗanda ta sani na Google. Mutumin ya bayyana abin da ya gani, kuma cikin 'yan kwanaki aka gano cewa masu kutse sun shiga kwamfutocin DigiNotar, wani kamfanin bayar da takardun shaida na intanet da ke garin Beverwijk a ƙasar Holan, sun buga wa kansu takardun bogi.

Kamfanin tsaro na Fox-IT da ya gudanar da bincike ya ƙirga takardun bogi 531. Ɗaya daga cikinsu, wadda ke ɗauke da sunan google.com, an fitar da ita ranar 10 ga Yuli, ba a soke ta ba sai ranar 29 ga Agusta. Kwana 50 ke nan tana hannun masu kutse. A tsakanin nan, adiresoshin intanet kusan 300,000, sama da kashi 99 cikin 100 daga Iran, sun tambayi kwamfutar DigiNotar ko takardar tana da inganci. Ita kuma tana amsa musu cewa lafiya lau take.

Ranar 20 ga Satumba na wannan shekara kotu ta ayyana kamfanin a matsayin wanda ya karye. Amma tambayar da ya bari tana nan a kan teburin duk wanda ke kula da kwamfutocin banki, asibiti, jami'a ko ma'aikatar gwamnati: idan aka soke takarda yau, wa ke tabbatar da cewa ta daina buɗe ƙofa?

Mece ce wannan takarda?

Duk lokacin da ka shiga shafin bankinka ko ka buɗe manhajar tura kuɗi a waya, shafin yana miƙa wa wayarka wani ɗan ƙaramin fayil. A cikinsa akwai sunan shafin, da lambar takardar, da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, da sa hannun kamfanin da ya tantance mai shafin. Wayarka ta riga ta zo da jerin kamfanonin da ta amince da sa hannunsu. Idan komai ya daidaita sai ta buɗe, ba tare da ka ma san an yi wata tantancewa ba.

Kowace takarda tana tafiya da mabuɗin sirri da mai ita kaɗai ya kamata ya riƙe. Idan aka sace mabuɗin, ɓarawon zai iya shigar burtu, ya gabatar da kansa a matsayin bankin. Ranar ƙarewar da ke jikin takardar ba za ta taimaka ba, domin ta yiwu saura watanni.

Abin ya yi kama da ma'aikacin da aka sallama bai mayar da katin shaidarsa ba. Katin na gaske ne, hotonsa ne a jiki, sa hannun shugaban ma'aikata ne. Abin da zai hana shi shiga shi ne maigadi ya samu labari cewa an soke katin, kuma ya riƙa dubawa kafin ya buɗe ƙofa.

Haka ta faru a 2010 da manhajar ɓarna ta Stuxnet, wadda aka kai wa tashar nukiliyar Iran hari da ita. An sa mata hannu da mabuɗan da aka sace daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan, don haka Windows ta karɓe ta kamar halastacciyar manhaja. Sai a watan Yulin shekarar aka soke takardun biyu.

Hanyoyi biyu na tambaya

Tsohuwar hanya ita ce jerin sokakkun takardu, wanda ake kira CRL. Mai bayar da takardu yana wallafa jerin lambobin da ya soke, ya sa masa hannu, ya rubuta ranar da zai fitar da sabo. Kwamfuta ta sauke jerin, ta duba ko lambar da ke gabanta tana ciki.

Matsalarsa girma. A watan Afrilun 2014, da aka gano giɓin tsaron nan da aka yi wa laƙabi da Heartbleed, kamfanoni sun yi rububin soke takardunsu. Bayan da Cloudflare ya soke nasa, jerin kamfanin GlobalSign ya tashi daga kusan kilobait 22 zuwa sama da megabait 4. Ga mai sayen data da kuɗinsa, sauke irin wannan fayil don kawai buɗe shafi ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne.

Hanya ta biyu ita ce OCSP, wadda aka fitar da ƙa'idarta a 1999, aka sabunta a 2013. A nan kwamfuta ba ta sauke jeri. Tana tura lambar takarda ɗaya zuwa wata saba da aka ware don amsa tambaya, sabar kuma ta dawo da ɗaya daga amsoshi uku: tana da kyau, an soke ta, ko ban san ta ba.

A wannan amsa ta farko ce DigiNotar ya faɗa rami. Sabarsa tana duba jerin sokakku ne kawai. Duk lambar da ba ta gani a ciki ba, ko da kamfanin ba shi da rajistar fitar da ita, sai ta ce tana da kyau. Masu kutsen kuwa sun fitar da takardun da kamfanin bai ma san lambobinsu ba. Sai ranar 1 ga Satumba aka sauya saitin yadda duk baƙuwar lamba za a amsa cewa sokakkiya ce. Daga baya ƙungiyar CA/Browser Forum, wadda ta haɗa masu bayar da takardu da masu ƙera manhajojin buɗe shafuka, ta haramta wa sabar OCSP ta ce takardar da ba a fitar ba tana da kyau.

Akwai wani darasi a wannan labari. Adadin nan na 300,000 an samo shi ne daga kundin rajistar sabar OCSP, wanda ke rubuta kowace tambaya da inda ta fito. Da babu kundin, da ba a san yawan waɗanda abin ya shafa ba. Shaidar tana kwance a ciki tsawon makonni, babu mai karantawa.

Idan maigadi bai samu amsa ba

To me zai faru idan kwamfuta ta yi tambaya aka yi shiru? Zaɓi biyu ne: ta bari a wuce, ko ta rufe ƙofa.

Yawancin manhajojin buɗe shafuka sun zaɓi su bari a wuce, don kada matsalar saba ɗaya ta hana miliyoyin mutane shiga intanet. Sai dai wanda ya iya tsayawa tsakaninka da bankinka da takardar sata, zai iya toshe tambayar ma. A 2012 injiniyan Google Adam Langley ya kwatanta wannan tsari da bel ɗin mota da ke tsinkewa daidai lokacin haɗari. A shekarar ce Google ya sanar da cewa Chrome zai daina irin wannan tambaya, ya koma tura taƙaitaccen jeri nasa da ake kira CRLSets kai tsaye zuwa manhajar.

Rufe ƙofa ma yana da nasa tsada. Kuma ko jinkirin amsa kaɗai ya isa ya tsayar da aiki. Ranar 12 ga Nuwamban 2020, ranar da Apple ya saki macOS Big Sur, sabar OCSP ta kamfanin ta yi nauyi. Masu kwamfutocin Mac a sassan duniya suka ga manhajojinsu suna ɗaukar dogon lokaci kafin su buɗe, saboda kowace tana jiran amsar da ba ta iso ba.

Akwai kuma batun sirri. Duk tambayar OCSP tana gaya wa mai sabar cewa adireshi kaza ya ziyarci shafi kaza a lokaci kaza. An samar da wata dabara inda shafin da kansa yake karɓo amsar ya maƙala ta a jikin takardarsa, amma ba ta samu karɓuwa a ko'ina ba. Kan wannan dalili na sirri ne Let's Encrypt, wanda ke bayar da takardu kyauta ga ɗaruruwan miliyoyin shafuka, ya cire adireshin OCSP daga sabbin takardunsa a watan Mayun 2025, ya rufe sabobinsa ranar 6 ga Agustan shekarar, ya koma kan CRL.

A cikin gida lissafin daban ne

Wanda ya ji wannan zai iya ɗauka cewa zamanin OCSP ya wuce. A shafukan da kowa ke shiga, haka abin yake tafiya. Amma manyan ma'aikatu da yawa suna da ofishin bayar da takardu na cikin gida, galibi a kan Active Directory Certificate Services na Microsoft. Da waɗannan takardu ne kwamfutar ma'aikaci ke shiga Wi-Fi na ofis, da su ake haɗawa da VPN daga gida, da su katin shiga kwamfuta ke aiki.

Google da Mozilla ba su san da waɗannan takardu ba, ba kuma za su saka su a jerinsu ba. Idan aka ƙwace laftof ɗin akanta a hanya, ko aka kori ma'aikaci yana riƙe da katinsa, babu mai kare ma'aikatar sai tsarin da ta kafa da hannunta.

A nan ne lissafin lokaci yake da muhimmanci. Idan ba a sauya saiti ba, ofishin bayar da takardu na Windows yana fitar da cikakken jeri sau ɗaya a mako, da ƙaramin jerin ƙari sau ɗaya a rana. Sabar amsa tambaya ta Microsoft, wadda ake kira Online Responder, da ta zo tun Windows Server 2008, daga wannan jeri take karanto amsarta. Ma'ana sabuntar amsarta ba ta wuce sabuntar jerin ba. Bayan haka kowace kwamfuta tana ajiye amsar da ta samu, tana aiki da ita har wa'adinta ya cika.

A ce an soke takarda ranar Litinin da safe, jim kaɗan bayan fitar jerin ranar. Idan jami'in bai tilasta fitar da sabon jeri ba, sai Talata labari zai isa sabar amsa tambaya. Na'urar VPN da ta ajiye tsohuwar amsa kuma za ta iya ci gaba da buɗe wa ɓarawon ƙofa bayan nan. A takarda an soke, a aikace ƙofa tana buɗe.

Abubuwan da ake saitawa

Na farko shi ne adireshi. Adireshin da za a je tambaya a cikin takardar kanta ake rubuta shi lokacin fitar da ita. Idan an kafa sabar OCSP yau, duk takardun da aka fitar jiya ba su san da ita ba, sai an sabunta su ko an sanar da kwamfutoci ta dokokin Group Policy.

Na biyu, adireshin ya zama wanda kowa zai iya kaiwa gare shi. Wasu ma'aikatu suna wallafa jerinsu a cikin Active Directory kaɗai, inda wayoyi da kwamfutocin da ke waje ba sa isa. Shi ya sa ake amfani da adireshin HTTP na yau da kullum. Wannan ba sakaci ba ne: amsar tana ɗauke da sa hannu, ba za a iya sauya ta a hanya ba. Da za a saka ta bayan HTTPS, sai kwamfuta ta buƙaci tantance wata takardar kafin ta tantance ta farko. Dole kuma katangar tsaron ma'aikata ta bar wannan tambaya ta wuce.

Na uku, takardar da ita sabar take sa hannu da ita. Kwamfutoci ba sa binciken ko an soke wannan takarda, don haka ake ba ta gajeren wa'adi. A samfurin Microsoft mako biyu ne. Idan sabuntawar kai tsaye ta tsaya ba a lura ba, bayan kwana 14 sabar ta zama kurma.

Na huɗu, kada saba ta zama ɗaya tilo. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa ana komawa kan janareta, saba guda a ɗaki guda gayyatar matsala ce. Agogo ma yana cikin lissafi, domin kowace amsa tana da lokacin farawa da na ƙarewa, kuma kwamfutar da agogonta ya karkace za ta iya ƙin amsa mai kyau.

Na biyar, shawarar da ba ta injiniya kaɗai ba ce: a wace ƙofa za a rufe idan babu amsa? A Chrome akwai doka ta musamman ga ma'aikatu, RequireOnlineRevocationChecksForLocalAnchors, wadda ke tilasta tambaya kan takardun cikin gida, ta kuma ƙi buɗewa idan ba a samu amsa ba. Kafin a kunna ta, shugabanni su san cewa ranar da sabar ta faɗi aiki zai tsaya.

Ranar da jerin ya ƙare

Matsalar da masu wannan aiki suka fi sani ba ta masu kutse ba ce, ta mantuwa ce. Babbar kwamfutar da ke riƙe da tushen amincewar ma'aikata a kashe ake ajiye ta, ba a haɗa ta da kowace hanyar sadarwa. Sai an kunna ta da hannu, sau ɗaya a wata shida ko a shekara, a fitar da sabon jeri a kwafe shi. Idan wanda ya san ranar ya bar aiki, ranar za ta zo ta wuce.

Washegari ma'aikata su iso ofis, kati ya ƙi shiga, Wi-Fi ya ƙi haɗuwa, VPN ya ƙi buɗewa. Windows ta nuna lambar kuskure 0x80092013, mai nufin ba a iya duba sokewa ba saboda ba a samu sabar ba. Waya tana ta ƙara, shugaba yana tsaye a kan jami'i.

A irin wannan matsi ne ake yin ɓarnar da ta fi daɗewa. Akwai saitin da ke cewa a yi watsi da binciken idan ba a samu saba ba, irin su CRLF_REVCHECK_IGNORE_OFFLINE. Jami'i ya kunna shi da niyyar mayarwa bayan an gyara. Aiki ya dawo, kowa ya yi hamdala, saitin kuma ya zauna shekaru. Daga ranar, maigadin ya daina duba jeri, kuma babu wata ƙararrawa da za ta sanar da hakan.

Yadda ake bincikar mai bincike

Saboda gazawar wannan tsari ba ta da ƙara, hanya mafi inganci ta gane gaskiya ita ce gwaji. A fitar da takardar gwaji, a shiga da ita Wi-Fi, da VPN, da shafukan cikin gida. Sai a soke ta, a duba agogo, a ci gaba da gwada kowace ƙofa har ta ƙi buɗewa. Awannin da aka ƙirga su ne ainihin tazarar da ɓarawo zai samu. Ƙofar da ba ta taɓa rufewa ba kuwa, an gano inda ba a dubawa sam.

Gwaji na biyu na DigiNotar ne: a ƙirƙiri lambar da ba a taɓa fitarwa ba a tura wa sabar. Idan ta ce tana da kyau, akwai gyara. Microsoft ya fitar da sabuntawar da ke ba sabarsa damar duba jerin lambobin da aka fitar da gaske, amma sai an saita ta kafin ta yi aiki.

Gwaji na uku, a kashe sabar da gangan a lokacin da aka tsara, a ga wace ƙofa ta rufe, wace ta bari a wuce, a kwatanta da abin da ke rubuce a dokar ma'aikata.

Kayan aikin duk suna nan kyauta. Allon pkiview.msc yana nuna kowane adireshi da ranar ƙarewar kowane jeri, ya yi ja inda aka samu matsala. Umarnin certutil -verify -urlfetch yana bin takarda tun daga tushe yana gwada adiresoshinta. A Linux akwai openssl ocsp. Kundin CAPI2 na Windows, wanda a kashe yake zuwa sai an kunna, yana rubuta abin da kwamfuta ta tambaya da amsar da ta samu. Mai gwaji ya tuna ya share ajiyayyun amsoshi tukuna, in ba haka ba tsohuwar amsa zai gani.

Sai kundin sabar kanta: wa ya sauya saiti, wa ya soke takarda da dalilinsa, waɗanne lambobi ake tambaya kuma daga ina. Tarin tambayoyi kan baƙuwar lamba alama ce da ta cancanci a tashi mutum daga barci.

Shugaban da bai san ko ɗaya daga waɗannan umarni ba yana da tambayoyi huɗu da zai iya yi wa sashen kwamfuta: Yaushe jerin tushenmu zai ƙare, kuma mutum nawa suka san ranar? Idan aka sace laftof yanzu, awa nawa kafin ta daina shiga? Yaushe aka gwada wannan na ƙarshe? A wace na'ura aka kashe binciken, kuma wa ya ba da izini?

Inda aka dosa

Sokewa tana iya zuwa daga waje ma, ba tare da shiri ba. A ƙarshen Yulin 2024 kamfanin DigiCert ya gano kuskure a yadda ya tantance mallakar wasu shafuka, ya sanar da soke takardu kusan 83,000. Ƙa'ida ta ba shi awa 24 ne kawai. Abokan hulɗar da ba su da rajistar inda kowace takarda take sun sha wahala, har aka ƙara wa'adin da 'yan kwanaki saboda masu gudanar da muhimman ayyuka.

Masana'antar ta zaɓi rage dogaro da sokewa ta hanyar gajarta rayuwar takarda. A watan Afrilun 2025 CA/Browser Forum ta amince a rage wa'adin takardun shafukan jama'a daga kwana 398 zuwa 200 daga Maris na 2026, zuwa 100 a 2027, sannan 47 a 2029. Takardar da aka sace za ta mutu da kanta da wuri.

Wannan doka ba ta hau kan takardun cikin gida ba. Ma'aikata tana iya ci gaba da fitar da takardar shekara biyu ko uku ga kwamfutocin ma'aikatanta, babu mai hana ta. Gwajin soke takarda guda ba ya cin kuɗi, yini ɗaya ko biyu na sa ido ya ishe shi, kuma sakamakonsa lamba ce da kowane shugaba zai fahimta. Ma'aikatar da ba ta taɓa yin sa ba za ta san lambar ne ranar da laftof ta ɓata.